Giyar Leda, Ɗakin Zaure da Shirun Iyaye

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Kaduna, kuma a tsawon wannan lokaci na ƙwace abubuwa da dama daga hannun ɗalibai, tun daga wayar salula da karta har zuwa wasiƙun soyayya, amma ban taɓa rasa abin faɗa ba sai wata ranar Juma'a da muka sa 'yan aji huɗu su share bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. A cikin sharar da suka tara akwai wasu 'yan ledoji masu sheƙi, kowace ba ta kai tafin hannu ba, an yage bakinsu da haƙori an tsotse. Na ɗauka ledar madara ce, sai da na kai ɗaya hanci warin ya buge ni. A jikinta an rubuta cewa kashi 40 cikin 100 na abin da ke ciki barasa ce zalla. Yaran da ke riƙe da tsintsiya suka sunkuyar da kai suna murmushi, abin da ya tabbatar mini cewa a duk filin ni kaɗai ne baƙon wannan abu.

Da na koma ofis na yi lissafi a bayan takarda. Giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, babbar kwalba kuwa mililita 600 ce, don haka leda uku masu mililita 50 suna ɗauke da barasar da ke cikin manyan kwalabe biyu. Yaron da zai ji kunyar a gan shi da kwalba yana iya zuba wannan adadin a aljihun wandon makaranta, ya shanye shi a bayan aji cikin minti biyu, ya tauna cingam, ya dawo ya zauna a gabana ina koyar da lissafi. Kuɗin kuma bai fi ƙarfin abin da ake ba shi na tara ba.

Bayan 'yan kwanaki bincike ya kai mu ga yara biyar, muka kira iyayensu. Ɗaya daga cikinsu ɗan wani ɗan kasuwa ne mai mutunci, wanda na san shi a sahun gaba a masallaci. Da na gama yi masa bayani sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka sake bincike. Yaron nan ya sauke Alƙur'ani tun yana shekara goma sha biyu, kuma a gidanmu ko sunan wannan abu ba a ambata." Na ce masa, "Alhaji, gaskiya ka faɗa, ba a ambata. Yaushe rabonka da shiga ɗakinsa?" Ya yi shiru, sannan ya ce ɗakin yana zaure, kuma ba ya jin ya taɓa leƙa shi tun da aka mayar da yaron can shekara biyu da suka wuce.

Wannan amsa ita ce ta sa ni wannan rubutu, domin ba Alhaji kaɗai ba ne, kuma in na faɗi gaskiya ni ma da za a yi mini tambayar a lokacin da na sha kunya. Mu iyaye a ƙasar Hausa mun jingina maganar giya da abubuwa biyu, muka ɗauka sun ɗauke mana nauyi. Na farko addini, tunda kowane yaro ya san haramun ce. Na biyu hukuma, tunda tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, kuma muna ganin hotunan Hisba a Kano tana sa motar daɓe hanya ta murƙushe kwalabe, kamar yadda aka yi a Fabrairun 2022 da kwalabe kusan miliyan huɗu. Ba na raina ko ɗaya daga cikin biyun. Sai dai wanda ya ga kwalabe miliyan huɗu ya kamata ya tambayi kansa bakin su wa aka nufa da su, kuma ya tuna cewa abin da ake iya murƙushewa a bainar jama'a shi ne babba mai ƙara, ita kuwa 'yar leda ba ta ƙara, ba ta fashewa, tana rataye a teburin mai shago kusa da biskit da maggi, ko a faifan mai talla a tashar mota, wani lokaci ma da sunan maganin basir ko maganin sanyi ko na ƙarin kuzari.

Hukumar NAFDAC ta daɗe da gane haka. A Disambar 2018 aka ƙulla yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina zuba barasa a leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar, wa'adin ya cika ranar 31 ga Janairun 2024, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta sanar da fara aiwatar da haramcin, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne sauƙin da yara ke samu wajen saye da ɓoyewa. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca a kan asarar ayyuka, aka yi zanga-zanga, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Mun taɓa ganin irin wannan da ruwan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a farkon Mayun 2018 bayan binciken da BBC ta yi, amma masu sha ba su ɓace ba, wasu sun koma ƙwaya, wasu sun koma abin da ya fi arha. Doka tana toshe ƙofa ɗaya, kasuwa ta buɗe taga. Yaron da zai kai shekara goma sha biyar a bana ba zai tsaya jiran a gama muhawara a Abuja ba.

Akwai dalilin da ya sa shekarun nan suka fi kowane lokaci haɗari, kuma ya kamata kowane uba ya san shi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako ya ce wa mutum dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara ashirin da biyar, alhali sashen da ke neman daɗi da yabon abokai ya riga ya farka tun farkon balaga. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara shan giya suna da shekara 14 ko ƙasa da haka, kusan kashi 40 cikin 100 sun kamu da jarabarta a wani lokaci na rayuwarsu, waɗanda kuwa suka fara daga shekara 20 zuwa sama kusan kashi 10 ne. Ma'ana kowace shekara da aka tsare yaro daga kurɓar farko riba ce da za a iya ƙirgawa. Wannan ya shafi maƙwabtanmu da addininsu bai hana babba sha ba, domin na sha jin wasu suna cewa gara yaro ya ɗanɗana a gida a gaban iyayensa don ya koyi sha da hankali. A Ostareliya an bi sawun yara sama da 1,900 na tsawon shekara shida tun suna kimanin shekara 12, sakamakon da aka fitar a 2018 kuma bai nuna wata kariya ba ga waɗanda iyayensu ke ba su da hannunsu, hasali ma sun fi saurin zuwa neman ta a waje. Gidan da ake dafa burkutu ana ba yaro ya ɗanɗana ko ya kai wa baƙi ƙwarya, da gidan da uba ke aiken ɗansa sayen taba sigari, duk darasi ɗaya suke koyarwa ko da bakin iyayen yana faɗin wani abu daban.

Amma bari in koma ɗakin zaure, domin a nan nake ganin ciwon yake. Al'adarmu ce idan yaro ya fara zama saurayi a fitar da shi daga tsakar gida, a ba shi ɗaki a zaure ko shago mai ƙofa ta waje, kuma hikimar abin a fili take: a kare mutuncin matan gida, a koya masa tsayawa da ƙafarsa. A da, wannan ɗaki yana buɗewa ne zuwa unguwar da kowa ya san kowa, inda dattijon da ke zaune a dakali zai iya tsawata wa ɗan kowa, kuma uban yaro ya biyo shi da godiya. Yau ɗakin yana nan, unguwar ce ta canja. Maƙwabci ɗan haya ne da ya tare bara, wanda ya tsawata wa ɗan wani yana iya kwana a ofishin 'yan sanda, uban kuma ya fita tun bayan asuba, in ya taso kasuwa ya zarce majalisa, ba ya shigowa sai bayan isha'i. Uwa tana ciki, ba ta fita zaure, kuma idan yaron ɗan fari ne ga alkunya ta hana ta ko kiran sunansa. Sai ya kasance mun ɗauki yaro a daidai shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi buƙatar mai riƙe mata linzami, mun ba shi ɗaki da makulli da ƙofar da ba wanda ke ganin mai shiga da mai fita, mun haɗa masa da waya, sannan muna mamakin abin da ya biyo baya. 'Yan mata ma ba su tsira ba, nasu dai a ɗakin ƙawar amarya da shagulgulan biki da na gama jarrabawa yake faruwa, inda ake zuba abu a robar lemo ana miƙa wa juna.

Da yawa daga cikin iyayen da suka farga sukan zarce ne zuwa binciken ƙwaƙwaf: a caje jaka, a ƙwace waya, a sa ƙane ya zama ɗan rahoto. Ina da ja a kan wannan. Wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Stattin da Kerr, sun yi nazari a kan yara sama da 700 'yan shekara 14, suka buga a shekarar 2000, inda suka tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa, cewa yaran da iyayensu suka san inda suke da waɗanda suke tare da su sun fi kaucewa ɓarna. Sai dai da suka bincika ta ina iyayen suke samun wannan sani, sai suka tarar mafi yawansa daga bakin yaran yake fitowa, su ne ke faɗa da kansu ba tare da an titsiye su ba. A ajina na ga gaskiyar wannan. Yaron da ya fi kowa iya ƙarya sau da yawa shi ne wanda aka fi duka a gida, domin ya koyi cewa faɗin gaskiya bulala yake jawowa. Tambayar da ta kamaci uba ita ce, idan abokan ɗana suka miƙa masa leda a yau, akwai wani babba a gidan nan da zai iya gaya wa gobe ba tare da tsoron a kore shi ba?

Ba lallai ne wannan babban ya zama uban ba, kuma a nan al'adarmu ta yi mana tanadin da muke wasa da shi. Inda kunya ta shiga tsakanin ɗa da mahaifi, akwai kawu, akwai baffa ƙarami, akwai gwaggo, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin maganar da uwa ba za ta iya ba. Ni kaina abin da ya hana ni taba sigari ina aji uku ba wa'azi ba ne, kawuna ne da ya ɗauke ni a bayan kekensa zuwa gona, ya ba ni labarin yadda ya fara da yadda ya sha wuya kafin ya daina, ya kuma yi mini alkawarin maganar ba za ta kai kunnen Baba ba. Uban da ya san ba zai iya buɗe baki ba, to ya zaɓi wanda zai buɗe a madadinsa, ya ɗora masa wannan amana da gangan. Maganar kuma ta wuce "haramun ce" kawai. Yaro yana buƙatar ya ji yadda abin yake kama, da sunayen da ake ɓoye shi da su, da abin da zai ce idan aka kira shi ɗan ƙauye ko ustazu don ya ƙi karɓa, da kuma cewa haɗa barasa da tiramol ko kodin yana iya tsayar da numfashi mutum yana barci. Ya ji labarin Ode-Irele a jihar Ondo, inda mutum 18 suka mutu a 2015 bayan shan giyar gargajiya ta ogogoro mai guba, wasu suka makance kafin su cika. Mu da muke karanta yadda aka haramta giya daki-daki, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, da bayanin Nana A'isha cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba, bai kamata a ce mu ne muke zaton kalma ɗaya ta isa tarbiyya ba.

Abin da uba ɗaya ba zai iya ba shi ne gyara titi, kuma misalin da ya fi burge ni a nan daga wata ƙasa mai sanyi ya fito, wato Aisalan, wadda ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna kaɗai ta fi ta yawan jama'a. A 1998, kashi 42 cikin 100 na yaranta 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata. A 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5. Ba su cimma haka da lacca a kan illar giya ba, don sun gwada ta ba ta yi aiki ba. Sun kafa doka cewa yaro ɗan shekara 13 zuwa 16 ba zai kasance a waje bayan ƙarfe goma na dare ba a lokacin sanyi, ko sha biyu a lokacin zafi. Iyayen kowane aji sukan sa hannu a takardar alkawari cewa ba za su bar yara su yi shagali ba babba a wurin ba, ba za su saya wa yaro giya ba, kuma za su sa ido a kan 'ya'yan juna. Iyaye sukan fito rukuni-rukuni da dare su zaga unguwa. Hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran abubuwan da ke cike wa yaro yammacinsa, kuma yawan yaran da ke cewa suna yawan zama da iyayensu a ranakun mako ya ninka, daga kashi 23 a 1997 zuwa 46 a 2012. Da na karanta wannan dariya na yi, domin in ka cire kuɗin wasannin, sauran duk abin da kakanninmu ke nufi ne da cewa ɗa na kowa ne. Su sun rubuta shi a takarda sun sa hannu, mu kuma mun bar shi a karin magana. Ba mu da kuɗin Aisalan, amma muna da masallacin unguwa da ake haɗuwa sau biyar a rana, muna da mai unguwa, muna da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ba a buƙatar kasafin kuɗi kafin magidanta goma su je wurin mai shagon bakin layi su gaya masa cikin mutunci cewa sun san abin da ke rataye a bayan biskit.

Saura maganar da ba a so, wato ranar da rigakafi ya riga ya wuce, yaro ya shigo yana tangaɗi. Daren nan ba na duka ba ne, ba kuma na faɗa ba, tunda wanda ake yi wa ba ya cikin hayyacinsa. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a kulle shi shi kaɗai, idan kuma ba ya farkawa ko numfashinsa ya yi ƙasa a garzaya asibiti ba tare da tunanin abin da maƙwabta za su ce ba. Tsoron abin kunya ya kashe yara da yawa, kuma shi ne ya cika gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa a Satumbar 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, akasarinsu kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga na Dawanau a Kano, ga masu ba da shawara a ofisoshin NDLEA, amma mun fi son inda ba za a gan mu ba. Akan manta da sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Uban da ya ce "na sallama ka" ya miƙa ɗansa ne ga mutanen da ba za su taɓa korarsa ba, wato waɗanda suka fara ba shi.

Alhaji bai sallama nasa ba. Ya dawo bayan mako biyu shi kaɗai, ya zauna a ofishina ya ce, "Malam, na shiga ɗakin." Bai faɗi abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Ya toshe ƙofar waje ya buɗe wata ta cikin gida, ya rage zaman majalisa, yanzu tare suke cin tuwon dare a kwano ɗaya, ranar Asabar kuma yaron yana bin sa kasuwa. Ya ce makon farko ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar cokali, a mako na biyu ne yaron ya fara ba shi labarin ƙwallo.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zango na juye ledojin da muka tara a kan tebur, guda sittin da ɗaya, na bar su a nan ban ce komai ba. Ɗakin taron cike yake da iyaye mata, maza ba su kai ashirin ba. Wata uwa ta taso ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta, ta ce ta sha share irinta a ƙofar gida tana zaton ta maganin tari ce. An tsayar da cewa iyayen kowane aji za su karɓi lambobin juna, kuma mutum huɗu za su je su ga mai unguwa a kan shagunan da ke kewaye da makaranta. Alhaji ne ya fara ɗaga hannu, aka sa ranar Lahadi bayan la'asar.